Yadda Ake Amfani da Firednisolon da Danginsa, Daga Ƙwayar Farko Zuwa Ranar Dainawa

A tagar karɓar magani, tambayar da na fi ji daga wanda asmarsa ta tashi aka rubuta masa firednisolon ita ce: "Malam, ƙwaya takwas? Duk a lokaci guda?" Sai ya koma gida ya rarraba, biyu da safe biyu da dare, ko ya sha uku ya ajiye sauran. A unguwar tasu kuma akwai baiwar Allah da ke haɗiyar ƙwayar deksa (deksametason, ɗan'uwan firednisolon) ɗaya ko biyu kullum, wata shida ke nan, saboda ciwon gwiwa ko don ta yi jiki, ko ɗar ba ta taɓa ji ba. Cikin su biyun, ita ce a bakin rami. Haɗarin wannan magani ya fi ta'allaƙa da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha da kuma yadda aka daina, fiye da yawan ƙwayoyin da aka haɗiya a rana ɗaya.

Dangin maganin ana kiransu sitiroyid. A jikin kwali za ka ga an rubuta Prednisolone, Dexamethasone, Hydrocortisone ko Betamethasone, kuma dukkansu kwaikwayo ne na wani sinadari da jikinka ke yi da kansa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, sunanta adirinal, ita ke fitar da sinadarin kotisol, mai riƙe ƙarfin jini da sukari, mai kuma kwantar da garkuwar jiki idan ta wuce gona da iri. A shekarar 1948 likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya fara gwada kotison, ɗan'uwan kotisol, a kan wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Ba a daɗe ba kuma likitoci suka ga ɗaya fuskar: ciwon kan dawo in an daina, illoli kuma su taru in an zarce. Maganin yana kashe wutar kumburi da ƙaiƙayi ne, ba ya cire abin da ya kunna wutar. Da wannan fahimtar ake ba da shi a asma, borin jini mai tsanani, amosanin gaɓɓai, lufus (ciwon da garkuwar jiki ke far wa jikin kansa), ciwon ƙodar yara mai sa kumburin jiki, shanyewar ɓarin fuska, da tashin kumburin jijiya ga masu shan maganin kuturta.

Kafin ka haɗiyi ƙwayar farko

Mataki na farko a ɗakin likita yake. Likita bai san gaibu ba, abin da ka faɗa masa da shi zai yi aiki, don haka kada kunya ko gaggawar layi su hana ka bayani. Faɗa masa in kana da ciwon sukari, hawan jini, gyambon ciki, hawan jinin ido, farfaɗiya, ko ka taɓa fama da taɓin hankali. In ka taɓa yin tarin fuka, ko kana zaune da mai yinsa, ko kana tari fiye da mako biyu tare da rama da gumin dare, wannan sai an bincika tukuna, domin sitiroyid na iya tayar da tarin fukar da ya kwanta shekaru. Haka cutar hanta nau'in B, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita ba su sani ba. Wanda za a ɗora a kan maganin na watanni ya cancanci gwajinta.

Masu sikila su ambata tun kafin a tambaye su. Sitiroyid kan jawo musu tashin ciwon ƙashi bayan an daina, kuma shi da sikila duka biyun suna iya kashe kan ƙashin ƙugu. Ba a hana su shi in larura ta kama, amma sai da sanin likitan da ke duba su.

Mai ciki da mai shayarwa su faɗa. Firednisolon kaɗan ne ke ratsa mahaifa ya kai ga jariri, shi ya sa aka fi zaɓarsa gare su, kuma barin asma ta shaƙe mai ciki ya fi maganin haɗari.

Sannan ka zo da duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya. Rifamfisin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin suna rage wa sitiroyid ƙarfi. Wasu magungunan ƙanjamau masu ɗauke da ritonabir kuma suna ƙara masa ƙarfi a jini, har na shaƙa ma.

Kada ka bar wurin sai ka san abu uku: miligiram nawa a rana, kwana nawa, kuma daina shi za a yi kai-tsaye ko ragewa za a riƙa yi. In an ce ragewa, roƙi a rubuta maka jadawalin da kwanan wata.

Karanta kwali, ƙirga ƙwaya

Yawancin firednisolon da ake samu ƙwayar miligiram 5 ce. Babban mutum da asma ta tasar wa akan ba shi miligiram 40 zuwa 50 a rana na kwana 5 zuwa 7, wato ƙwaya takwas zuwa goma. Yara kuwa da nauyinsu ake aunawa, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo, ba a wuce 40, na kwana 3 zuwa 5. Saboda haka uwa kada ta ɗebi na yaya ta ba ƙane.

Dangin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Miligiram 5 na firednisolon daidai yake da miligiram 20 na haidirokotison, daidai yake kuma da miligiram 0.75 kacal na deksametason. Ke nan deksa ta ninka firednisolon kusan sau bakwai, ga ta kuma tana daɗewa a jiki fiye da yini guda. In mai kemis ya ce wanda aka rubuta ya ƙare amma ga ɗan'uwansa, kada ka karɓa sai mai harhaɗa magani ko likita ya sake lissafin.

Da safe, bayan karin kumallo

Sha duka adadin na ranar a lokaci guda, da safe, bayan ka sa wani abu a ciki, ko koko da ƙosai ne, ka bi da ruwa kofi guda. Dalilin safiya shi ne jiki da kansa da sassafe yake fitar da mafi yawan kotisol, zuwa dare ya ragu. In ka bi wannan tsari, adirinal ba ta cika ruɗewa ba, barcinka ma ba zai lalace sosai ba. Wanda ya sha da daddare shi ne za ka ji yana cewa idonsa biyu har kiran assalatu. In likita da kansa ya raba maka kashi biyu saboda irin ciwonka, bi nasa.

In ka manta, sha da zarar ka tuna a wannan rana. In sai washegari ka tuna, sha na ranar kawai, kada ka ninka. A watan azumi lokacin sahur ya dace da mai sha sau ɗaya a rana. Amma wanda ya daɗe a kan maganin, ko yake haɗe da ciwon sukari, ya zauna da likitansa tun a Sha'aban a duba ko azumin zai yiwu.

Kada ka haɗa shi da ibufurofen, dikulofenak, firoksikam ko asfirin na ciwon jiki ba da izini ba. Haɗuwarsu ce ke huda ciki. Farasitamol ba shi da wannan matsala.

Abin da za ka gani a jikinka

A gajeren sha na kwana biyar zuwa bakwai, abin da aka fi gani shi ne yunwa, ƙwannafi, ƙarancin barci, da sauyin hali. Wani zai ji ƙarfi da annashuwa, wani kuma saurin fushi. Yana da kyau mutanen gida su sani tun farko, don kada a ɗauka wulaƙanci ne ko shafar aljanu. In abin ya kai ga sambatu, ganin abin da babu, ko tunanin hallaka kai, a tafi asibiti a ranar.

Mai ciwon sukari ya ƙara yawan awo, musamman daga azahar zuwa magariba, don a lokacin ne firednisolon na safe ya fi ɗaga sukari. Awon safe kaɗai zai iya yaudararsa. Wanda ba shi da ciwon ma, in ya ga ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, ya je a auna.

Dogon sha, na watanni, shi ke da nasa lissafin. Fuska takan yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya alhali hannuwa da ƙafafu na sirancewa, nankarwa mai faɗi ta fito, fata ta yi laushi, rauni ya ƙi warkewa, tashi daga tabarma ya zama aiki saboda naman cinya ya yi rauni. Ƙashi yana zaizayewa a ɓoye, kuma ya fi saurin zaizayewa a watannin farko. Ido na iya yin yana ko hawan jini. Yaro kuma tsawonsa kan ragu. Ba na lissafa waɗannan don in tsorata wanda lufus ko ciwon ƙoda ya tilasta masa sha. Gare shi maganin ne ke riƙe da ransa, kuma akwai abin yi. Rage gishiri, ɗunkulen miya da kanwa, domin jiki na riƙe ruwa. Bar lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu. Yawaita nono, kindirmo, zogale, kuka da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Yi tafiyar ƙafa kullum. In shan zai kai wata uku, tambayi likita batun ƙwayar kalsiyam da bitamin D. A riƙa awon jini da sukari da nauyi a kowace ziyara, a je wurin likitan ido aƙalla sau ɗaya a shekara, yaro kuma a riƙa auna tsawonsa. Ciwon ƙugu ko matsematsi da ya zo haka kawai, kada a ce sanyi ne, a ɗauki hoto.

Abin da na fi so a riƙe a wannan sashe shi ne batun cuta mai kamawa. Sitiroyid na rage garkuwa, yana kuma ɓoye alamu, har mutum ya kasance ciwo ya ci jikinsa amma zazzaɓin kaɗan ne. Saboda haka duk zazzaɓi a yi gwajin maleriya a ranar, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi. In ƙarambau ko ƙyanda ta shigo gida kuma mai shan maganin bai taɓa yi ba, a nisanta shi, a sanar da likita nan take, domin ƙarambau da ke wucewa salin-alin ga sauran yara na iya kashe yaron da ke kan babban adadi. Rigakafi masu ƙwayar cuta mai rai, kamar na shawara da na ƙyanda da ɗigon foliyo, akan jinkirta su ga mai shan adadi mai yawa. Maniyyaci ko matafiyi da ke neman katin rigakafin shawara ya faɗa kafin a yi masa. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini kuwa alamar jini na zuba a ciki ce, asibiti kai-tsaye.

Saukowa daga tsani

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Idan jiki ya ga kotisol na shigowa daga waje kullum, sai adirinal ta daina aiki, ta yi barci. Abin da take fitarwa a rana bai wuce kwatankwacin ƙwaya ɗaya ta firednisolon mai miligiram 5 ba, amma wannan ɗan kaɗan shi ke hana jini faɗuwa. In ka yanke magani rana ɗaya alhali tana barci, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki. Sai kasala mai tsanani, jiri in an miƙe, tashin zuciya, amai, ciwon ciki, jini ya faɗi, mutum ya suma. Yana iya zama ajali.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce: wanda ya sha ƙasa da mako uku a matsakaicin adadi yana iya dainawa kai-tsaye in an ce masa haka, kamar mai asmar nan na kwana biyar. Wanda ya haura mako uku, ko ya sha fiye da miligiram 40 a rana sama da mako guda, ko yana yawan maimaita gajeren sha a jere, ko ya saba sha da dare, shi sai a hankali. Daga babban adadi akan sauko da ɗan sauri, misali a cire miligiram 5 duk mako, amma in an iso wajen miligiram 5 zuwa 7.5 sai a rage tafiya sosai, don a nan ne ake jiran adirinal ta farka. Wannan misali ne kawai, jadawalin kowa daban yake. Manna naka a bango, ka riƙa soke kowace rana da biro.

Ɗan ciwon jiki da kasala a kwanakin farko na kowace ragewa ba abin tayar da hankali ba ne. In ciwon asali ne ya dawo, koma wurin likita, kada ka ƙara wa kanka. Kada kuma ka bari magani ya ƙare maka ranar Juma'a da yamma ko ana gobe Sallah, ka tanadi na mako guda a gaba.

Mai dogon sha, da wanda ya daina cikin shekara guda da ta wuce, yana buƙatar ƙarin sitiroyid in jiki ya shiga wahala: zazzaɓi mai zafi, haɗari, tiyata, haihuwa. Tambayi likita tun kana lafiya nawa za ka ƙara a irin wannan rana. In amai ko gudawa sun hana ƙwaya zama, ba a jira, asibiti za a je a yi allurar haidirokotison.

Ina roƙon 'yan'uwana mata da suka shiga shan sha-ka-fashe, da dattawan da suka saba da haɗin ƙwayoyin sanyin ƙashi na cikin leda wanda sau da yawa akwai deksa a ciki: in kun karanta wannan hankalinku ya tashi, kada ku watsar da shi yau. Ku ɗauki ledar ku kai asibiti, ku faɗi gaskiyar tsawon lokacin, a sauko da ku a hankali. Ƙibar da deksa ke sawa ruwa ne da kitsen ciki, naman jiki kuwa narkewa yake yi.

Na shafawa

Man sitiroyid hawa-hawa ne. Haidirokotison kashi 1 cikin 100 mai sauƙi ne, shi ake ba yara da fuska. Betametason mai ƙarfi ne. Kilobetasol shi ne ƙarshe, na fata mai kauri kamar tafin hannu da ƙafa, na ɗan lokaci. Ma'auninsa a yatsa yake: matso man daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya ishi wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu. Shafa a kan inda ke ciwo kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. In kana shafa man hana bushewa, wanda dole ne a hunturu, bar kamar minti 30 a tsakaninsu.

Makero da sauran cututtukan fata irinsa ba a sa musu sitiroyid shi kaɗai. Ƙaiƙayin zai lafa, cutar kuma ta bazu ta canza kama har likita ya kasa gane ta. Mayukan nan da ake kira masu aiki uku, yawancinsu akwai betametason ko kilobetasol a ciki, kuma ina ganin iyaye mata na zuba su a man jariri ko su shafa a ƙarƙashin nafkin, inda ɗumi da rufi ke sa fata ta zuƙe maganin zuwa jini. Hasken da suke sawa alamar fata ta fara lalacewa ce. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan mayukan bilicin, kuma sitiroyid na daga cikin abin da ake zubawa a ciki.

Na shaƙa, na hanci, na ido

Mai asma yakan samu abin shaƙa iri biyu. Mai launin shuɗi, salbutamol, shi ke buɗe ƙirji nan take, ba sitiroyid ba ne. Ɗayan, irin su bekilometason da budesonayid, shi ne sitiroyid, aikinsa hana tashin ciwon, kuma sai an yi kwanaki zuwa makonni ana shaƙa kullum kafin a ga amfaninsa. Da yawa sukan jefar da shi su ce ba ya aiki. A ganina shi ne maganin da aka fi zalunta, domin adadin da ke cikinsa ƙanƙani ne, huhu yake zuwa kai-tsaye, kuma shi ke raba mutum da yawan shan ƙwaya takwas-takwas duk lokacin da ƙurar hunturu ta sauko. Wanda ya sha gajeren firednisolon sau biyu ko fiye a shekara, alama ce tsarin rigakafinsa na buƙatar gyara. Ga yadda ake shaƙa: girgiza abin, fitar da numfashi, matsa sau ɗaya kana zuƙa a hankali, riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Yara da tsofaffi su yi amfani da bututun tsakani, wanda ake sawa tsakanin abin shaƙar da baki, in babu na saye, ma'aikacin lafiya zai nuna maka yadda ake yinsa da gorar ruwa ta roba mai rabin lita. Bayan kowace shaƙa kurkure baki ka tofar, don kada harshe ya yi fari-fari ko murya ta dushe. Batun shaƙa da rana a azumi malamai sun yi saɓani, amma na rigakafin ana iya mayar da shi sahur da bayan shan ruwa.

Na fesawa a hanci don atishawa da toshewa, karkatar da bakinsa wajen kunne, kada ka saita shi a bangon tsakiya, don gudun haɓo.

Na ɗigawa a ido shi ne ba na yi wa sassauci ko kaɗan. Jan ido kala-kala ne, kuma in gyambo ne a baƙin ido, ɗigon sitiroyid na iya huda shi. Yaran da idonsu ke ƙaiƙayi ya yi ruwan ƙasa, iyaye kan saya musu ɗigon deksa su yi ta sawa shekara da shekaru saboda yana kwantar da ƙaiƙayin, hawan jinin ido kuma na cin jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Sai likitan ido ya duba, shi zai faɗi ranar dainawa.

In borin jini ya zo da shaƙewa

Wanda zuma ta harba, ko aka yi wa allura, ko ya ci wani abu, nan take leɓe da harshe suka kumbura, numfashi ya sarƙe ko ya yanke jiki ya faɗi, sitiroyid ba zai cece shi a wannan minti ba, don sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya fara aiki. Abin da ake buƙata allurar adirenalin ce a naman cinya, miligiram 0.5 ga babba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, kada a tsayar da shi, a garzaya asibiti mafi kusa.

Wanda zai wuce mako uku a kan maganin ya yanki ɗan kati ya rubuta sunansa, sunan maganin, adadin da yake sha, ranar da ya fara, sunan asibitinsa da lambar wayar wani na kusa da shi. Ya sa a aljihu ko jaka, ya nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa shi, har mai cire haƙori, ya kuma ci gaba da ɗaukarsa shekara guda bayan ƙwayar ƙarshe.